Amsoshin Tambayoyinku: Yaro da Karensa

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan, kuma duka a kan kare suke. Ta farkon ce ta fi tsaya mini a rai, saboda haka ita za ta ci mafi yawan filin.

TAMBAYA

Likita, barka da aiki. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a bayan gari a Funtuwa, inda gidaje ba su yi yawa ba tukuna. Shekara takwas da suka wuce ɓarayi suka haura mana sau biyu, sai maigida ya samo ɗan kwikwiyo don gadi. A lokacin ɗana na biyu yana da shekara uku. Tun daga ranar ba su rabu ba. Shi ke ba shi abinci, shi ke cire masa kaska. In zai tafi makaranta karen ya raka shi bakin titi, in an tashi ya tarar da shi a wurin. Yanzu yaron ya ci jarrabawa, zai tafi makarantar kwana a watan Satumba, karen kuma ya tsufa, ba ya haushi kamar da. Surukata ta ce shaƙuwar ta yi yawa, bai kamata ɗan musulmi ya mai da kare aboki ba. Maigida ya yanke shawarar in yaron ya tafi a ba da karen, in ya dawo hutu a ce masa ɓata ya yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin wannan shaƙuwar cuta ce? Kuma me zan ce wa maigida?

Wata uwa, daga Funtuwa

AMSA

Hajiya, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada a yi wa yaron nan ƙarya. Ko za a bar karen, ko za a ba da shi, a faɗa masa gaskiya tun kafin ya ɗauki akwatinsa. Ba a littafi na karanta wannan ba. Ni aka yi wa.

Ina ɗan shekara biyar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga rugar Fulanin da ke gefen gonarmu ɗauke da tsohon kwando an rufa masa buhu. Da ya yaye buhun sai ga kwikwiyo baƙi wuluk, da ɗan fari a ƙirji. Duna aka sa masa. Birai ne suka addabe mu a gonar masara, dalilin kawo shi ke nan. Tun ranar farko Inna ta kafa doka: ba ya wuce zaure, ba ya kusantar randa, kuma wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya sa a kwano. Wani fasasshen kasko aka ajiye masa a gindin bedin ƙofar gida, nan ne wurin cinsa, nan ne wurin kwanansa. Har muka rabu bai taɓa karya dokar nan ba. Ko tsawa ake yi da damina, iyakarsa ya raɓe a bakin zaure.

Da safe in an yi ɗumame, nakan ɓoye loma biyu a tafin hannu in fita da ita. In na tafi makarantar allo sai ya kwanta a gindin tsamiya, nesa da buzun Malam, har a tashe mu. In masara ta fara nuna, ni ina kan rumfar gona da gwangwani ina bugawa, shi yana ƙasa, kuma kafin idona ya ga biri kunnensa ya riga ya ji. Akwai ranar da ƙayar aduwa ta shige masa tsakanin yatsun ƙafar gaba. Ya zo yana ɗingishi, ya ɗora ƙafar a kan cinyata, ya kau da kai. Na ɗauko matsefatar Baba na yi ta tono har na zaro ta, jini yana bin yatsuna, jikinsa yana rawa, amma ko gurnani bai yi ba. Da na gama ya lashi wurin sau biyu, ya kwantar da haɓarsa a kan ƙafata. A gindin bedin nan aikin likitan dabbobi da nake ci da shi yau ya fara.

Ina da shekara goma sha biyu na tafi makarantar kwana. Ya bi motar da ta ɗauke ni har kwalbatin bayan gari. Ranar da na dawo hutun farko, kafin in yi sallama idona yana gindin bedi. Ba kare, ba kasko. Aka ce mini ya bi wasu mafarauta. Na yarda, domin ban taɓa jin ƙarya a bakin Baba ba. Shekara uku, duk hutu, duk ranar kasuwa, ina zuwa inda mafarauta ke zama, ina duba karnukansu ɗaya bayan ɗaya, ina fito irin wanda ya sani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin cewa ni na fara tafiya na bar shi, shi ya sa shi ma ya tafi. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa ina kukan kare?

Sai da na yi aure, har na haifi 'ya'ya biyu, Gwaggo ta faɗa mini a cikin hira, ba ta ma san ban sani ba. Mako guda bayan tafiyata aka ba da shi ga masu sayen karnuka da ke bin ƙauyuka. Ban riƙe Baba a zuci ba, na san a ganinsa sauƙi ya nema mini. Amma da an gaya mini gaskiya, da na yi kukan mako guda na haƙura. Ƙaryar ta mai da kukan mako guda nema na shekara uku.

To, shin shaƙuwar ɗanki cuta ce? A'a, Hajiya. Yaron da tun yana shekara uku yake tuna cikin wata halitta kafin nasa, yake lura da ranar da ba ta ci abinci ba, yake zama ya cire mata kaska ba tare da an sa shi ba, wannan yaron tausayi ya koya da ɗaukar nauyi. Iyaye da yawa da bulala suke neman koya wa 'ya'yansu rabin wannan. Kuma abin yana da tushe a halittar jiki. Akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna oksitosin, wanda ke ƙaruwa a jikin uwa lokacin da take shayar da jaririnta. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Azabu ta ƙasar Japan suka auna shi a fitsarin mutane da na karnukansu, kafin su zauna tare da kuma bayan sun zauna. Suka ga waɗanda suka fi daɗewa suna kallon juna, sinadarin ya ƙaru a jikin mutumin da na karen gaba ɗaya. Da suka gwada da kyarketai waɗanda mutane suka raina tun suna ƙanana, ba su ga haka ba. Ke da kika shayar da huɗu kin san wannan kallon, ba sai an fassara miki ba.

Abin da zai sa in damu shi ne in yaron ba ya da abokai cikin 'yan uwansa yara, ko yana barin salla da karatu saboda kare, ko ba ya magana da kowa a gida sai shi. Ba ki ambaci ko ɗaya ba. Yaron da ya ci jarrabawar shiga makarantar kwana bai yi sakaci da karatunsa ba.

Maganar surukarki kuwa, kada ki yi watsi da ita, don tana da tushe. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ba ko na kiwo ko na gona, ana rage masa ƙiraɗi guda, wato wani kaso, daga ladansa kullum, a wata ruwayar ma biyu. Ya inganta kuma cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Shi ya sa dokar Innata take daidai, kuma ita nake ba kowa: wurin kare waje ne, ba ɗaki ba, ba kan tabarmar salla ba. Amma ga sauran abin da muka karanta a zaure. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi, in akwai buƙata ta gaskiya, kuma gidan da ɓarayi suka haura sau biyu ba ya buƙatar a nemo masa hujja. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Aka ce masa ai Imamu Malik ya ƙi haka. Ya ce da Malik ya riski wannan zamanin, da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya kuma duk dabba mai rai jikinta mai tsarki ne, har yawunta, kuma wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ce. Ki san da saɓanin, don kada a ɗora wa yaro laifin da malamai kansu ba su haɗu a kai ba.

Ki tuna wa Hajiya babba, cikin ladabi, cewa a aya ta 18 ta Suratul Kahfi Allah ya ambaci karen samarin nan yana shimfiɗe da ƙafafunsa na gaba a bakin kogo. Ki tuna mata mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Amma wanda nake so ya fi zama a zuciyarki shi ne labarin ƙanen Anas ɗan Malik, ƙaramin yaro da ake yi wa alkunya da Abu Umair. Yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Ya tambaye shi ne cikin rarrashi: ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun ya yi? In shugaban halitta ya tsaya ya kula da baƙin cikin yaro a kan tsuntsu, mu ba mu da dalilin raina baƙin cikin yaro a kan karen da ya tsare gidansu shekara takwas.

Ga abin da za ki ce wa maigida. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba a gaban mahaifiyarsa ba, don kada ya ji kamar ana sa shi zaɓi tsakaninku. Ki karanta masa labarina in kin ga dama. Ki tuna masa hadisin Abdullahi ɗan Amir, wanda mahaifiyarsa ta kira shi tana cewa zo in ba ka, Annabi yana gidan, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. Ƙaryar da ake shirin yi wa ɗanku ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, kuma ba za ta tsaya tsakanin mutum biyu ba. Dole a sa ƙannensa da yayyensa su riƙe ta, kuma wata rana ɗayansu zai faɗa.

Sannan ki tambaye shi: wa zai karɓi kare ɗan shekara takwas? Mafarauci ba ya so, karen bana yake nema don zomon bana. Mai neman gadi kwikwiyo zai ɗauka ya raina da kansa. Tsohon kare in ya bar gidansu, ko dai ya tsinke igiya ya kama hanyar komawa mota ta buge shi, ko ya bi ta hannun dillalai ya ƙare a irin kasuwar karnuka ta Dawaki a jihar Filato. Maigida ya san haka. Ina kyautata zaton bai zauna ya yi tunanin ƙarshen abin ba ne.

Shawarata a bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a inda ya sani. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, ba wani dogon lokaci ya rage masa ba. Rage haushi ba ya nufin ya daina aiki, domin ɓarawo yana lissafin gidan da ke da kare ko da tsoho ne. Kafin Satumba, yaron da kansa ya zaɓi wanda zai gaje shi a cikin ƙannensa, ya koya masa aikin na mako biyu ko uku suna yi tare, don karen ya saba da sabon hannu. A jiƙa masa tuwo ya yi laushi saboda haƙora. A daina zuba masa ragowar miya mai albasa da yawa, albasa tana lalata jinin kare. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. In gaɓoɓinsa suna ciwo, musamman da hunturu, a shimfiɗa masa buhu inda iska ba ta bugawa, kuma kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, wasu daga ciki suna kashe kare. A kai shi wurin likitan dabbobi.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya, kuma ke ce za ki iya. Ki zaunar da yaron ki ce masa karen ya tsufa, mai yiwuwa wata rana ya dawo hutu bai tarar da shi ba, kuma in hakan ta faru ke da kanki za ki faɗa masa, ba za ki ɓoye ba. Zai yi kuka. Ki bar shi ya yi, kada kowa ya ce masa namiji ba ya kuka.

TAMBAYA

Likita, ƙanena ɗan shekara bakwai ya tsinto kwikwiyo a bakin bola ya kawo gida. Suna wasa ya cije shi a yatsa, ɗan ciwo ne ƙarami amma ya yi jini. Kakarmu ta ƙona gashin karen ta shafa masa. Yaron yana ta kuka kada a kashe masa kwikwiyo. Me ya kamata mu yi?

Wani ɗalibi, daga Damagaram

AMSA

Ɗana, na riga na amsa maka ta waya a ranar da saƙonka ya iso, don wannan ba tambayar da ke jiran fitowar mujalla ba ce. Ina maimaitawa saboda sauran masu karatu.

Duk cizo ko yaƙushin kare da ya fasa fata, a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar don fara allurar rigakafin ciwon haukan kare, a kuma cika ta har ƙarshe yadda aka tsara. Ko an makara kwana biyu ko uku, a je. Ƙanƙantar ciwo ba ta da alaƙa da girman haɗari, kuma cizon yatsa ko fuska ya fi muni, saboda ƙwayar cutar ta jijiya take bi zuwa ƙwaƙwalwa, wuraren nan kuwa cike suke da jijiyoyi. Takan yi wata biyu zuwa uku a jiki shiru, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. In alamu suka bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, kusan ba wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne ke wasa da karnuka, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron duka. Tokar gashi ba ta kashe ƙwayar, ƙazanta take ƙara wa ciwo. Ka faɗa wa Kaka haka a hankali, ita ma jikanta take so.

Kwikwiyon kuma ba dole ne a kashe shi ba. A tsare shi inda yara ba sa kaiwa, a ba shi ci da sha, likitan dabbobi ya sa ido a kansa kwana 10. In ya mutu ko halinsa ya sauya a cikin kwanakin, a sanar da asibiti nan da nan. Amma allurar yaro ba ta jiran sakamakon kare. In kwikwiyon ya wuce lafiya kuma kuna da buƙatar riƙe shi, a yi masa tasa allurar da zarar ya kai wata uku, a sabunta duk shekara, a ba shi maganin tsutsar ciki. A Najeriya cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana yin wannan allurar, kuma a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin yi wa karnuka a wurare da dama. Ka tambayi ofishin kula da dabbobi na garinku. Kuma ku yi wa yaron alkawari cewa in wani kare ya sake cizonsa ya faɗa, ba wanda zai doke shi.

TAMBAYA

Likita, shekarata 34, ina da mata da ɗa guda. Muna da kare ja a gidan kakana lokacin ina yaro, ya mutu ina da shekara 15. Har yau in na ga kare mai kama da shi a hanya sai na tsaya, wani lokaci ma ina mafarkinsa. Na taɓa faɗa wa abokaina suka yi mini dariya. Lafiyata ƙalau kuwa?

Wani magidanci, daga Zangon Kumasi

AMSA

Lafiyarka ƙalau, ɗan uwa. Sabo ake yi wa kuka. Kuma in ka duba da kyau, ba karen kaɗai kake tsayawa kallo a hanya ba. Gidan kakanka ne, da mutanen da ke cikinsa a lokacin, da kai kanka kana ɗan yaro. Karen ne ya san ka tun ba ka zama kowa ba, bai taɓa tambayar ka sakamakon jarrabawa ba, bai taɓa kai ƙararka ba. Ni na girme ka da shekaru masu yawa, kuma har yau in aka kawo mini baƙin kare mai fari a ƙirji, sai na ɗan dakata kafin in ɗauki allura.

Ka bar abokan nan, ba su ne masu sauraren wannan labarin ba. Ɗanka ne. In ya yi wayo ka ba shi labarin karen, inda yake kwana, abin da yake so, yadda ya mutu, wanda ya taya ka haƙa masa rami. Na lura ka faɗi launinsa amma ba ka rubuto sunansa ba. In ka sake rubutowa, ka faɗa mini.